Mu 14 Muka Rage a Majami'ar da Mahaifina Ya Gina

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijon ikilisiya a wani ƙauye da ke kudancin Jihar Katsina. Ya roƙi a sakaya sunansa da na garinsu. Na taƙaita ta, ga abin da ya ce:

"Shekaruna 68. Mahaifina yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar da aka gina majami'armu, ni kuma shekara 30 ke nan ina dattijo a cikinta. A da, ran Lahadi sai an shimfiɗa wa yara tabarma a waje don babu wuri. Makon jiya mu 14 ne: ni da matata, tsofaffin mata 6, magidanci guda, sauran yara. Samari sun tafi Kaduna da Abuja da Legas. Gida uku sun tashi saboda 'yan bindiga. Gida biyu suna nan cikin gari, amma sun daina zuwa tun wata rigima da aka yi kan kuɗin sabon gini shekara 7 da suka wuce, ginin ma yana nan tsaye ba rufi. An ɗauke mana fasto domin ba ma iya biyansa, yanzu wani ke zuwa sau ɗaya a wata, gundumar ikilisiyoyinmu kuma tana binmu bashi. Ni ke buga ƙararrawa, ni ke buɗe ƙofa, ni ke karatu, ni ke wa'azi. Ɗana na Kaduna ya matsa mu koma wurinsa saboda hawan jinin mahaifiyarsa. In na tafi, na san rufewa za a yi. Ba na barci. Shin zunubinmu ne ya jawo? In na tafi, me zan ce wa Ubangiji?"

Baba, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da Mama. Na karanta wasiƙarka har sau uku, kuma ba mutum 14 ɗin nan ne suka tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne inda ka ce kai ke buga ƙararrawa, kai ke buɗe ƙofa, kai ke karatu, kai ke wa'azi. Zan dawo kan wannan, don a nan maganar take. Amma mutumin da ba ya barci, sai an fara cire masa ƙayar da ta hana shi barcin.

Ka tambaya ko zunubinku ne. To, mu bi waɗanda suka tafi gida-gida. Ka fi ni sanin yadda gona take a yankinku: wadda kaka ya ciyar da gida guda da ita, yau an raba ta tsakanin 'ya'ya da jikoki har abin da kowa ya samu bai kai shi tsakiyar rani ba, ga taki ya fi ƙarfin talaka. Saurayin da ya ɗauki jaka ya tafi gadi ko acaba ko aikin gini a Abuja, ba Ubangiji ya guje wa ba, yunwa ya guje wa. Da can cin-rani ne, a tafi bayan kaka a dawo da ruwan farko. Yanzu an tafi ke nan, a yi aure can, a haihu can. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya sa wanda yake leƙo gida duk wata ya koma sai Kirsimeti. Gidaje ukun da suka tashi saboda 'yan bindiga kuma, duk wanda ya san abin da ake ciki daga Faskari da Sabuwa da Ɗandume har Ƙanƙara ba zai buɗe baki ya zarge su ba. Ka tambayi maƙwabtanka Musulmi sahu nawa ake yi a masallacin unguwa da rani, za su ba ka labari irin naka. Ƙauyen ne gaba ɗaya yake zubar da mutane, ku dai da yake kun fi ƙaranci tun asali, naku ya fi saurin nunawa.

Akwai ma wani abin da ba a cika faɗa ba. Majami'unmu na karkara su suka koya wa 'ya'yanmu karatu. Tun da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, mai bishara duk inda ya sauka, ajin karatu yake fara buɗewa, don mutum ya iya karanta Maganar da kansa. Yaron da ya iya karatu sai makaranta, wanda ya yi makaranta sai birni. Addu'ar da iyayenku suka yi ta yi, Allah ya sa 'ya'yanmu su zama malamai da ma'aikatan jinya da sojoji, ita ce aka amsa. Bencinan da kake gani babu kowa a kai, wani ɓangarensu amsar addu'a ce, ko da yake amsa ce mai ɗaci ga wanda aka bari a gida.

Yesu da kansa ya taɓa irin tambayarka. A Luka 13 ya kawo maganar mutum 18 ɗin nan da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya tambaya ko ana zaton sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya kuma amsa da kansa cewa a'a. 'Yan'uwanmu na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), a watan Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi, ikilisiyoyinsu da dama a Borno da Adamawa suka watse, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. Ba wanda zai ce zunubinsu ya fi namu. Inda suka sauka kuma suka ci gaba da sujada, a ƙarƙashin rumfa da bishiya.

Bari in ba ka labarin da nake tunawa duk lokacin da na ji an ce wata majami'a ta mutu. A wajajen 1913 wasu Hausawa da ake kira Isawa, wato mabiya Annabi Isa, suka zo wurin Dakta Miller, likitan mishan a Zariya, bayan haka aka kafa musu ƙauye na masu bi a Gimi. Suka yi gidaje, suka yi gonaki, suka yi ɗakin sujada da makaranta. Kafin shekara goma ta cika, ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya shiga garin ya yi ta ɗibar mutane, har dole waɗanda suka rage suka tashi. Duk wanda ya tsaya a Gimi a lokacin, cewa zai yi aiki ya lalace. Amma ragowar nan da 'ya'yansu suna cikin waɗanda suka zama tushen jama'ar Wusasa kusa da Zariya, inda mishan ta koma a 1929 aka gina majami'ar Bartalamawas mai tsarki da ke tsaye har yau. Daga zuriyar Isawan nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ban kawo wannan don in ce maka ƙauyenku zai sake cika ba. Mai yiwuwa ba zai cika kamar da ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna. Na kawo shi ne don ka gane cewa ikilisiyar da mahaifinka ya kafa ta fi ɗakin da ya kwaɓa wa ƙasa girma, yanzu haka rabinta tana Kaduna da Abuja.

Shi ya sa aikin farko da zan ba ka na takarda da biro ne. Ka zauna da Mama da tsofaffin matan nan, su ne suka san kowa da uwarsa, ku rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma a wurinku kuma yana raye, da garin da yake, da lambar wayarsa. Sa'an nan a kira su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada kiran farko ya zama na neman kuɗi. A tambaye shi lafiyarsa da ta iyali, a tambaye shi ina yake sujada. Za ka sha mamaki. Da yawa daga yaran karkara in sun shiga birni ba sa zuwa ko'ina. Ya je sau ɗaya, ya tarar da Turanci ake yi daga farko har ƙarshe, kowa ya ci ado, ba wanda ya ce masa sannu, sai ya ji kunya bai sake komawa ba, alhali da yawa daga manyan majami'un Kaduna da Jos da kewayen Abuja suna da sujadar Hausa. Irin wannan yaro shi ne tunkiyar da ta ɓata, ba bencin da ya bari ba. Ka sa faston da ke zuwar muku ya rubuta masa takardar shaida zuwa wata ikilisiya kusa da shi. Wannan aikin dattijo ne, kuma ana iya yinsa daga kan tabarma.

Yanzu ga inda zan yi maka magana ba ɓoye-ɓoye, ka yi mini haƙuri irin na uba da ɗa. A cikin duk abin da ka lissafa, guda ɗaya ne yake hannunka: gidaje biyun nan da suke cikin gari. Talauci ba kai ka kawo shi ba, 'yan bindiga ba kai ka gayyato su ba, amma rigimar kuɗin gini a gabanka aka yi ta, kana dattijo. Ka ba ta layi ɗaya a wasiƙarka ka wuce, ni kuwa a nan na fi daɗewa. Shekara 7 kuna haɗuwa a kasuwa, kuna haɗuwa a wurin biso, wataƙila ma jikokinku tare suke kiwon awaki, amma ran Lahadi kowa ya kama gabansa. Gida biyu a ƙauye ai ba ƙananan mutane ba ne. Da matansu da 'ya'yansu, sun isa su ninka adadinku.

Na taso a gidan mai bishara, na ga irin wannan da idona. Rigimar kuɗi a ƙaramar majami'a ba kasafai take zama kan kuɗin ba. Wani ne aka kira ɓarawo a gaban surukansa, ko wani ne ya tashi ya tambayi lissafi aka ce masa ya zauna, yaro ne. Kuɗin ya daɗe da ƙarewa, kunyar ce take nan ɗanya. Kada ka aika musu saƙo, kada ka jira fasto ya zo ya kira taron sulhu, don taro yana sa kowa ya zo da hujjarsa a aljihu. Zumunci a ƙafa yake. Ka ɗauki sandarka bayan la'asar, kai kaɗai, ka shiga gidan babbansu, ka zauna inda aka nuna maka. Kada ka fara da "ku dawo coci". Ka ce, "Na zo ne a kan abin da ya faru tsakaninmu. In akwai inda na yi shiru alhali ya kamata in yi magana, ko na yi magana alhali ya kamata in yi shiru, ka gafarce ni." Sa'an nan ka kame bakinka ka saurara, ko da abin da zai faɗa zai ƙona ka. In akwai littafin lissafin ginin, ka tafi da shi, ka buɗe masa. In kuɗi sun ɓace da gaske, a faɗi gaskiya cewa sun ɓace. Ban ce ranar za su biyo ka ba. Watakila mazan ba za su taɓa dawowa ba, amma sau da yawa matan da yaran jiran wannan zuwa kawai suke yi domin a sake su. Ko ba wanda ya dawo ma, ka sauke abin da Matiyu 5 ya ɗora maka, na barin baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ina kyautata zaton wani ɓangare na rashin barcinka daga nan yake.

Maganar gunduma da bashi ba ta kai yadda take cin ranka ba. Kuna ɗauke da kayan ikilisiyar mutum ɗari da wani abu a kan mutum 14, yawancinsu gwauraye da yara. Daidai ruwa daidai tsaki. Ku rubuta wa gunduma takarda, ba ta kuka ba, ta lissafi: ga yawanmu, ga baikon da ke shigowa a wata, ga abin da ake binmu. Ku roƙa a mayar da ku gidan addu'a a ƙarƙashin wata ikilisiya ta kusa, a yafe bashin ko a sassauta. Na san kalmar za ta yi maka nauyi, kamar an rage wa mahaifinka girma. Ba haka ba ne, da gidan addu'a shi ma ya fara. Abin da kuke bukata daga fasto shi ne jibin Ubangiji, da baftisma, da ɗaurin aure, da biso, da ziyarar marasa lafiya. In kun iya zuba masa man babur kuka haɗa masa da 'yan kwanonin hatsi da kaka, kun yi iyakar ƙoƙarinku, kada wani ya sa ku jin kunya.

Sabon ginin da ya tsaya, ku bar shi haka. Kada a sake karɓar ko kwabo da sunansa. In akwai bulo ko kwanon rufi da aka ajiye, a gyara tsohon ɗakin da su kafin damina. Kuma ran Lahadi mai zuwa, kafin kowa ya iso, ka sa yara su kwashe bencinan baya, waɗanda gara ta fara ci da waɗanda jemagu suka ɓata, a jingine su a bango. A bar huɗu ko biyar a gaba, a jera su kusa da juna. Kai ma ka sauko daga bagade ka tsaya a gabansu. Mutum 14 a warwatse cikin babban ɗaki, kowa a kujerar da ya saba tun shekara 30, suna jin kansu kamar ragowar wani abu, waƙa ma ba ta tashi. Su ɗin dai in sun matso kafaɗa da kafaɗa, ga tulu a hannun wata tsohuwa tana bugawa, za ka ji murya ta cika wurin. Na gwada na gani, ƙaramin abu ne amma yana canja zuciya.

Wani abin da dattawa ke sakaci da shi har sai an makara shi ne takardar fili. Yawancin filayen majami'un karkara da baki aka bayar, a gaban shaidun da duk sun riga mu gidan gaskiya. Tun kana da ƙarfi, a auna filin da maƙabartar da gonar coci in akwai, a rubuta iyakokinsu, mai unguwa da dagaci da magadan wanda ya bayar su sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a karkara, ku nema ta hannun gunduma, ko da abin zai ja lokaci. A ajiye kwafi ɗaya a gunduma, ɗaya a wurin ɗanka. Kaburburan iyayenku suna wurin, wannan kaɗai ya isa dalili.

In Kirsimeti ta zo 'yan birni suka cika gari, kada a bar su su ci shinkafa su yi rawa su tafi. Washegari, 26 ga Disamba, a zauna da su awa ɗaya. Kada ka ce "ku taimaka wa coci", wannan magana ba ta da hannun kamawa. Ka ce bandir biyu na kwano muke nema, wa zai ɗauka? Man babur ɗin fasto na wata-wata, wa zai ɗauka? Maganin gwauraye fa? Su buɗe zaure a WhatsApp, su zaɓi ma'ajinsu da kansu, kuma duk abin da aka kashe a karanta shi a fili, don kada a maimaita ciwon shekara 7.

To, mu dawo kan ƙararrawa da mabuɗi.

Baba, ka ce in ka tafi rufewa za a yi. In haka ne, ko ba ka tafi Kaduna ba ai wata rana za ka tafi inda ba a dawowa, ran nan ma rufewa za a yi. Zamanka bai warware matsalar ba, jinkirta ta kawai yake yi. Na san ba son girma ya sa ka tattara ayyukan nan a hannunka ba. Wannan ya tafi ka karɓi nasa, wancan ya rasu ka karɓi nasa, har ka wayi gari komai ya dawo kanka. Amma yanzu amincin naka ya zama inuwar da ta hana na ƙasa tsiro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka dubi waɗanda Allah ya bar maka. Ka rubuta "tsofaffin mata 6" kamar ba ka ƙirga su cikin masu iya aiki ba. Su wa suka riƙe Zumuntar Mata duk shekarun nan? Su wa ke taruwa tsakiyar mako, su yi waƙa, su yi addu'a, su haddace aya, su kai wa mai jego itace da sabulu, ba tare da fasto ko dattijo ya tsaya a kansu ba? A Arewa kowa ya san in ka cire Zumuntar Mata, majami'u da yawa ba za su kai Lahadi biyu ba. A Ayyukan Manzanni 16, da Bulus ya isa Filibi, mata ya tarar sun taru suna addu'a a bakin kogi, a cikinsu akwai Lidiya, kuma a gidanta 'yan'uwa suka riƙa haɗuwa. Ban ce ka taka tsarin ɗarikarku a kan wanda zai hau bagade ba. Amma ba tsarin da ya hana mace ta riƙe mabuɗi, ta jagoranci addu'a, ta riƙe asusu, ta koya wa yara.

Ga magidancin nan guda da ka ambata ka wuce. Ko me ya hana shi tafiya, ko me ya hana shi daina zuwa, shi ne mutuminka. Ka fara ba shi karatun nassi wannan makon. Bayan wata ɗaya ka ce ya yi bayanin aya biyu na minti biyar. Zai yi in'ina, zai yi kuskure, gumi zai karyo masa. Kada ka gyara shi a gaban mutane, ku zauna a zaurenka da yamma ku bi wurin tare. In akwai hali, gunduma ta sa shi cikin irin horon da ake yi wa masu bi a gida ba sai sun tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. In karatu ya yi wa kowa wuya wata rana, akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa na saurare da ake sa wa a waya, ɗanka zai iya turo muku, a kunna sura guda a saurara a tattauna.

Yara 5 ɗin nan kuwa, su ne suka fi komai muhimmanci, ko da su ma wata rana za su tafi. A garinmu ƙararrawar ba wata ƙararrawa ba ce, tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye a reshen darbejiya, ana dukansa da guntun rodi. Ranar da wani dattijo ya miƙa mini rodin nan ya ce daga yau kai ne mai bugawa, ban fi shekara 10 ba. Daren Asabar ban yi barcin kirki ba don tsoron kada in makara. Tun daga ranar na daina jin cewa majami'ar ta manya ce. Ka miƙa wa babban cikin yaran nan rodin. Wata ta share ɗaki, wani ya zaga da kwanon baiko, wata ta fara waƙa. Ka koya musu karatun Hausa da kanka, kamar yadda aka koya maka.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ƙarshe, ko ka tafi ko ka zauna. Mama ma ikilisiya ce, ita ce ma tunkiyar farko da aka damƙa maka, kuma alkawarin da ka yi mata a gaban Allah ya riga na dattijantaka. Hawan jini ba ciwon da ake wasa da shi ba ne. Yana bukatar awo a kai a kai da shan magani kullum ba fashi, in ya kai ga shanyewar jiki kuwa, nisa da asibiti shi ke raba mai rai da gawa. Saboda haka kada a jira komai, a kai ta Kaduna likita ya duba ta cikin wannan watan. In likita ya ce zamanta kusa da asibiti ya zama dole, ko kuma 'yan bindiga suka matso kusa da ku, ka tashi ku tafi, ba ka ci amanar kowa ba. In kuwa jikin nata ya ba da dama, shawarata ita ce ka ɗiba wa kanka lokaci, daga yanzu zuwa godiyar kaka mai zuwa, ka gaya wa ɗanka ranar don hankalinsa ya kwanta, ka kuma gaya wa jama'arka a fili don su san da gaske ne. Cikin wannan lokaci ka je gidaje biyun, ka yi takardun fili, ka raba ayyukan. Kafin ranar ta zo, ka gwada su: wata Lahadi ka zo ka zauna a benci kamar baƙo, kada ka taɓa komai, ko an yi shiru mai tsawo kada ka tashi ka cike. Wata Lahadin ma ka yi tafiyarka.

Ba lallai ne kuma tafiyar ta zama ta har abada ba. Dattawa da yawa yanzu rani a birni suke yi wurin 'ya'ya, damina a gida. Kana Kaduna za ka fi kusa da yaran garinku da suka watse, kana iya tara su a falon ɗanka sau ɗaya a wata ku yi waƙoƙin gida ku yi addu'a.

Zai iya yiwuwa ka yi duk wannan, bayan shekaru kaɗan tsofaffin su kwanta, yaran su tafi, a koma sujada a zauren wani gida, ko a riƙa takawa zuwa ƙauyen gaba. In hakan ta faru, a yi shi da tsari: a yi sujadar godiya, a kira na nesa su zo, a karanta sunayen waɗanda suka kafa wurin da waɗanda aka yi wa baftisma, a miƙa littattafan rajista ga gunduma, a sa wanda zai riƙa share kaburbura. Ka kuma samu wani jikanka ya ɗauki muryarka a waya tun yanzu, kana ba da labarin yadda bishara ta shigo garinku, wa ya fara karɓa, wace wahala suka sha, a ina aka yi baftismar farko. Kai kaɗai ka rage da ya san wannan.

Ka gai da Mama da kyau, ka ce mata ina yi mata addu'a, kada ta fasa shan maganinta ko ta ji sauƙi. Kai ma a auna naka jinin in kun je, don rashin barcin nan bai kwanta mini ba. In ka je gidan mutanen nan biyu, ka rubuto mini yadda kuka yi.